Laƙabin Da Ke Toshe Kunnen Likita

Harsuna biyu ake ji a cikin bidiyon nan na kimanin minti 7 da Joyce Echaquan ta ɗauka da wayarta, ta watsa shi kai-tsaye ta Facebook a ranar 28 ga watan Satumba na shekarar 2020, tana kwance a asibitin garin Joliette da ke lardin Kwibek na ƙasar Kanada. Na farko shi ne harshenta na gado, wato Atikamekw, wanda da shi take kururuwa tana kiran a zo a ɗauke ta. Na biyu kuwa Faransanci ne, daga bakin wasu mata biyu ma'aikatan asibitin, suna ce mata daƙiƙiya, suna yi mata gorin cewa ita ta zaɓar wa kanta irin wannan rayuwa, kuma su ne ke biyan kuɗin jinyarta, har da wata maganar batsa da ba ta dace da wannan shafi ba. Ba a jima ba rai ya yi halinsa. Shekarunta 37, ta bar miji da 'ya'ya 7.

Ni ba likita ba ne. Sana'ata nazarin harshe, kuma ta wannan ƙofa nake son in shiga wannan batu, domin duk lokacin da na koma kan rahotannin irin waɗannan mace-mace sai in tarar cewa kafin cutar ta kashe mutum, akwai wata kalma da ta riga ta yi rabin aikin.

Amma bari in fara share wata ƙura. A nan gida idan aka ce ɗan asali, abin da ke zuwa zuciyar mai karatu shi ne takardar shaidar ƙaramar hukuma da rabon gurbin aiki da rigimar ɗan ƙasa da baƙo. Wannan daban. Mutanen da nake magana a kansu su ne waɗanda Turawa 'yan kama-wuri-zauna suka tarar a Kanada da Ostireliya da Niyu Zilan, suka ƙwace musu ƙasa, suka rinjaye su da yawa, har suka mayar da su 'yan tsiraru a gidan kakanninsu. A wurinmu Bature ya zo ya yi mulki ya naɗe tabarmarsa ya koma. A wurinsu ya zo ya zauna, kuma jikokinsa ne mafi yawan masu riƙe da allura da alƙalami a asibitin da suke zuwa a yau.

Joyce ta fito ne daga Manawan, wani gari na al'ummar Atikamekw mai nisan kusan kilomita 200 daga Joliette. An kai ta asibiti kwana biyu kafin rasuwarta tana fama da ciwon ciki mai tsanani, kuma an san tana da ciwon zuciya tun da daɗewa. Mai binciken musabbabin mutuwa, Géhane Kamel, wadda ta fitar da rahotonta a watan Oktoba na 2021, ta gano cewa ruwa ne ya taru a huhunta har ya kashe ta. To me ya hana a gane haka da wuri? Tun da farko an laƙa mata sunan mai shaye-shayen ƙwaya, aka ɗauki duk wani kuka da birgima da take yi a matsayin alamar wadda ƙwaya ta sake ta, alhali binciken ya nuna babu hujjar wannan zato. Da sunan ya zauna a cikin fayil, sai aka ɗaure ta a gado, aka yi mata allurar kwantar da jiki, aka bar ta a hannun wata sabuwar ma'aikaciyar jinya da ba ta daɗe da fara aiki ba. Kamel ta ce wariya da mummunan zato sun taka rawa a mutuwarta. Da 'yan jarida suka tambaye ta ko tana ganin da Joyce Baturiya ce da tana raye, sai ta amsa cewa haka take gani.

Shekara 12 kafin wannan, a watan Satumba na 2008, wani mutum mai suna Brian Sinclair, ɗan shekara 45, wanda aka yanke wa ƙafafu biyu, ya shiga sashen gaggawa na babban asibitin birnin Winnipeg a kan kekensa, riƙe da takarda daga wani likita da ya turo shi. Robar fitsarinsa ce ta toshe, mafitsara ta kamu da ƙwayoyin cuta. Abin da yake buƙata bai wuce a canza robar a ba shi magani ba. Ya yi magana da wani ma'aikaci a bakin ƙofa, ya koma gefe ya zauna yana jira. Sa'a 34 yana zaune a wurin. Ya yi amai ba sau ɗaya ba, wasu daga cikin masu jira sun ja hankalin masu gadi a kansa, amma ba a duba shi ba. Lokacin da aka taɓa shi, gawa ce har ta sandare. A gaban kwamitin bincike ma'aikata sun faɗi abin da suka ɗauka: wani ya zaci maye ne yake barcinsa, wani ya zaci mara gida ne ya shigo neman mafaka, wani ya zaci an riga an sallame shi. Babu wanda ya zage shi kamar yadda aka zagi Joyce. 

A Ostireliya ma labarin bai canza zani ba. Naomi Williams, 'yar ƙabilar Wiradjuri mai shekara 27, tana da ciki wata 6, ta je asibitin garin Tumut a daren 1 ga Janairu na 2016. An ba ta farasitamol, ta fita bayan minti 34, ta rasu a wannan rana sakamakon ƙwayoyin cuta da suka shiga jininta. A watannin da suka gabata ta je wannan asibiti aƙalla sau 18 tana amai da ciwo, aka riƙa danganta abin da shan wiwi maimakon a tura ta ga ƙwararre. Mai binciken da ta zauna kan lamarin a 2019 ta ce akwai son zuciya na ɓoye a yadda aka kula da ita. Haka nan wata matashiya 'yar ƙabilar Yamatji mai shekara 22, wadda ake kira Ms Dhu kawai saboda al'adar mutanenta ta kauce wa ambaton sunan mamaci, ta rasu a hannun 'yan sanda a South Hedland a watan Agusta na 2014, bayan an tsare ta kan tarar da ba ta biya ba. Sau biyu ana kai ta asibiti ana mayar da ita ɗakin tsaro da cewa matsalarta ta ɗabi'a ce. Karayar haƙarƙari ce ta ruɓe.

Mashayi. Mai neman ƙwaya. Mai taurin kai. Mai ƙaryar ciwo. Waɗannan kalmomi ba zagi ba ne a idon wanda ya rubuta su, bayani ne na aiki, kuma a nan haɗarinsu yake. Zagi yana fitowa daga baki ya bi iska, amma abin da aka rubuta a fayil yana kwana, ya tashi da safe ya tarbi likitan da ya karɓi aiki, ya gaya masa abin da zai gani tun kafin ya ɗaga labule. Masu nazarin ma'ana sun daɗe da sanin cewa suna ba ya tsayawa ga nuna abu, yana kuma zaɓar wa mai sauraro abin da zai lura da shi da abin da zai tsallake. Idan aka ce maka ga ɓarawo nan tafe, hannunsa za ka kalla, ba za ka ga yana ɗingishi ba. Likitoci da kansu suna da suna ga wannan kuskure, wato rufe bincike tun kafin a kai ƙarshensa, kuma suna koyar da ɗalibansu su guje shi. Abin da ba a cika faɗa a aji ba shi ne cewa wasu fuskokin sun fi wasu saurin jawo a rufe.

Su ma majinyatan ba da farar zuciya suke shiga ba, kuma suna da dalili. A Kanada yara kimanin 150,000 aka raba da iyayensu aka tura makarantun kwana na dole, inda ake dukan yaro idan ya yi magana da harshen uwarsa. Na ƙarshensu ba a rufe su ba sai a cikin shekarun 1990. A 2013 wani masanin tarihi mai suna Ian Mosby ya tono yadda tsakanin 1942 da 1952 aka yi gwaje-gwajen abinci mai gina jiki a kan mayunwatan yara da manya ba tare da saninsu ba. A 2017 wani bincike a yankin Saskatoon ya tabbatar da cewa an matsa wa wasu mata 'yan asalin ƙasa lamba aka ɗaure musu mahaifa, wasu suna cikin zafin naƙuda. Sai a watan Satumba na 2024 ƙungiyar likitocin Kanada ta fito ta nemi gafara a kan rawar da sana'ar ta taka. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Mutumin da kakarsa ta ba shi irin wannan labari zai jinkirta zuwa asibiti har ciwo ya ci ƙarfinsa, ya zo a makare, sannan a rubuta cewa ba ya kula da lafiyarsa.

Yanzu ga inda abin ya shigo gonata sosai. Cikin shawarwarin Kamel akwai cewa gwamnatin Kwibek ta amince akwai wariyar launin fata da ta yi kaka-gida a cikin tsarin hukumominta. Firimiyan lardin na lokacin, François Legault, wanda ya riga ya nemi gafarar iyalin Joyce a zauren majalisa, ya ce a'a. Ya yarda akwai masu wariya, ya yarda abin da aka yi wa Joyce wariya ce, amma kalmar da ke danganta wariyar da tsari ya ƙi ta. Kuma hujjarsa ita ce ƙamus. Ya kawo ma'anar kalmar daga ƙamusun Faransanci na Petit Robert, cewa tana nufin abin da ya shafi tsari ɗungurungum, ya ce shi a fahimtarsa tsari abu ne da ke saukowa daga sama, kuma babu wani shugaba a ma'aikatar lafiya da ya ba da umarnin a nuna wa kowa bambanci.

Duk wanda ya taɓa zama ya haɗa ƙamus, ko da na kalmomi ɗari ne, ya san cewa ƙamus ba alƙali ba ne, magatakarda ne. Yana bin bayan masu magana yana rubuta abin da ya ji, cikin layi ɗaya ko biyu, kuma ba a neman ma'anar kalmar fannu a cikinsa, kamar yadda ba a koyon tiyata daga ma'anar kalmar wuƙa. Maganar wariyar da ke cikin hukumomi tana da tarihinta. Stokely Carmichael da Charles Hamilton sun yi bayaninta a Amurka tun 1967, kuma rahoton Macpherson na 1999 kan kisan Stephen Lawrence ya yi amfani da ita a kan 'yan sandan Landan. A duka wuraren biyu ma'anar ita ce hukuma tana iya haifar da sakamako na wariya ko da babu wanda ya ba da umarni, ta hanyar abin da aka saba, da abin da ake kau da kai a kansa, da wanda ake gaskatawa da wanda ake tuhuma. Legault ya ɗauki ma'anar da babu wanda ya yi iƙirarinta, ya rushe ta, ya ce ya ci nasara. Daɗin daɗawa, kusan shekara guda kafin mutuwar Joyce, a ƙarshen Satumba na 2019, hukumar bincike ta Viens da gwamnatin lardin ta kafa ta riga ta ce 'yan asalin ƙasa suna fuskantar bambanci na tsari a ma'aikatun gwamnati, har ta ba da shawarwari 142.

Wani zai ce ai gardamar kalma ce, a bar ta a kama aiki. Ban yarda ba. Sunan da aka ba cuta shi ke zaɓar magani. Idan matsalar ita ce ma'aikata biyu masu mugun baki, to an kore su, magana ta ƙare. Amma ba bakinsu ne ya cika huhun Joyce da ruwa ba, kuma Brian Sinclair bai haɗu da mai mugun baki ko ɗaya ba. Akwai kuma alƙaluma. Wani nazari da aka buga a mujallar ƙungiyar likitocin Kanada a farkon 2022 ya duba ziyarar sashen gaggawa sama da miliyan 11 a lardin Alberta tsakanin 2012 da 2017, ya gano cewa ana sanya 'yan asalin ƙasa a matakin gaggawa da bai kai na sauran mutane ba, har a kan abu bayyananne irin karayar dogon ƙashi. Ƙashi ba ya ƙarya, kuma ba ya jin Faransanci ko Ingilishi. A lardin British Columbia kuma, binciken da aka fitar a watan Nuwamba na 2020 ya ji ta bakin mutane kusan 9,000, kuma kashi 84 cikin 100 na 'yan asalin ƙasa da suka amsa tambayoyin sun ce sun taɓa fuskantar bambanci a wurin neman lafiya. Ba a tara irin wannan adadi da ɓatagari biyu.

Gaskiya ne cewa sassan gaggawa a cike suke, ma'aikata sun yi kaɗan, kuma gajiya tana sa mutumin kirki ya yi kuskure. Binciken mutuwar Sinclair, wanda ya fito a 2014, kusan a kan wannan ya tsaya, abin da ya sa danginsa da ƙungiyoyin 'yan asalin ƙasa suka janye daga sashensa na biyu. Sai dai cunkoso ba ya wanke kowa. Lokacin da ma'aikaci ba shi da minti biyar na tambaya, zato yake dogara da shi, kuma zaton nan daga cikin al'umma ya ɗebo shi.

Amsar da ta fi gamsar da ni ta fito ne daga Niyu Zilan, daga wata ma'aikaciyar jinya 'yar ƙabilar Maori mai suna Irihapeti Ramsden, wadda ta rasu a 2003. A wani taro da aka yi a Christchurch a 1988, wata ɗalibar jinya 'yar Maori ta miƙe ta ce ana ta koya musu yadda nas za ta kasance amintacciya ta fuskar doka da ɗa'a da ƙwarewar hannu, to ina amincin mutum ta fuskar al'adarsa? Daga nan Ramsden ta gina abin da suka kira da harshensu kawa whakaruruhau. Kalmar ta biyu tana da daɗin fiɗa: whaka ɗafi ne na sa aiki, kamar yadda muke mayar da zauna ta koma zaunar, saura kuma na nufin wurin da iska ba ta kaiwa. Wato samar da mafaka. A 1992 hukumar kula da aikin jinya ta ƙasar ta sanya wannan darasi a cikin manhaja, ya zama kashi 20 cikin 100 na jarrabawar fita, kuma an yi ta cece-kuce a jaridu a shekarun da suka biyo baya.

Na ga wasu suna fassara wannan tunani da tsaron al'ada, abin da ke sa mai karatu ya zaci gidan tarihi ake nufi. Ni da za a bi tawa, da aminci za a ce, domin Hausa ta riga ta haɗa abubuwa uku a wannan saiwa: kuɓuta daga cuta, da yarda da mutum, da kuma amincewa a yi maka abu. Majinyacin da bai amince da kai ba bai samu aminci a hannunka ba, komai ƙwarewarka.

Abubuwa biyu ne suka raba tunanin Ramsden da abin da aka saba. Kafin ita, abin da ake yi shi ne a tara ma'aikata a koya musu al'adun majinyata: waɗannan ba sa kallon mutum cikin ido, waɗancan suna zuwa dubiya da yawa, kada a taɓa musu kai. Ramsden ta ga cewa wannan ba ya haifar da komai sai sababbin laƙabobi masu ladabi, domin har yanzu majinyacin ne abin kallo, ma'aikacin kuma mai kallo ne da ba shi da al'ada. Sai ta juya madubin. Nas ce za ta binciki nata zato da nata matsayi da ikon da rigarta ta ba ta. Ta kuma soki tsohuwar koyarwar da ke cewa a yi wa kowa jinya ba tare da la'akari da ko shi wane ne ba. Ta ce a yi jinyar tare da la'akari da duk abin da ya sa shi ya zama shi. Abu na biyu ya fi nauyi, kuma shi ne wanda hukumomi ke tsoro: wanda aka yi wa jinya shi ne mai cewa an yi masa cikin aminci ko ba a yi ba. Ostireliya ta ɗauki wannan ma'ana, kuma a 2022 ta shigar da amincin al'ada da kawar da wariya cikin dokar da ke kula da rajistar ma'aikatan lafiya.

Na san abin da abokaina likitoci za su ce, kuma ba maganar banza ba ce: yaya za a mayar da majinyaci alƙali, alhali bai san aikin ba, kuma mai ciwo ba ya rasa ƙorafi? Amsa ita ce ba a ce shi zai auna magani ba. Abin da aka ce shi ne a kan tambayar ko an saurare shi, ko an gaskata shi, ko an fahimtar da shi abin da za a yi masa, babu shaidar da ta fi tasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yi masa yoyo. Kuma hukuncin nasa ba a baki kaɗai yake ba, yana bayyana a ƙafarsa: ko ya dawo ranar da aka ce ya dawo, ko ya zare robar ƙarin ruwa ya fice da dare.

Wannan ficewa tana da suna a takardun asibiti, wato ya sallami kansa saɓanin shawarar likita. A dubi ginin jimlar. Majinyaci ne mai aikatawa, asibiti kuwa ba ya cikinta sam sai a matsayin mai ba da shawarar da aka ƙi. A babban asibitin Darwin da ke arewacin Ostireliya, inda da yawa daga cikin majinyata ke magana da harsunan gargajiya irin su Yolngu a gida, masu bincike na cibiyar Menzies sun yi aikin ƙara yawan amfani da ƙwararrun tafintoci, sai aka ga yawan masu ficewa ya ragu. Ashe wani kaso na abin da ake rubutawa taurin kai, rashin tafinta ne. Tun a 2002 Alan Cass da abokan aikinsa suka ɗauki bidiyon ganawar ma'aikata da majinyata 'yan Yolngu a wani sashen wankin ƙoda a Darwin, suka tarar cewa da wuya ɓangarorin biyu su fahimci abu ɗaya, kuma abin da ya fi muni, sau da yawa babu wanda ya gane an yi saɓani. Kowa ya tashi yana zaton an gama lafiya.

Ɗaya daga cikin dalilan haka abu ne da masana irin su Kenneth Liberman da Diana Eades suka yi rubutu a kansa, wato ɗabi'ar amsa wa mai iko da eh a kan duk abin da ya tambaya, ko an gane ko ba a gane ba, don a zauna lafiya ko don tambayar ta ƙare. A nan ne Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani, domin muna da kalmar to. Tsohuwa ta ce wa likita to, tana nufin na ji kana magana. Shi kuma ya rubuta cewa ta amince. Matar da kunya ta hana ta ambaci wurin da ke mata ciwo a gaban namiji baƙo, ta ce jikina ne ba daɗi, sai a rubuta zazzaɓi.

Ba ina cewa halinmu ɗaya da na Kanada ba ne. Tarihin ya bambanta, kuma a asibitocinmu likita da majinyaci launinsu ɗaya. Amma mai karatu ya yi wa kansa adalci ya tuna cewa a yawancin ɗakunan jinya na Arewa, Hausa da Ingilishi su ne Faransancin Joliette. Bafulatanar da ta fito daga ruga da Fulfulde kaɗai a bakinta, ko tsohon da ba ya jin komai sai Kanuri ko Gbagyi, wa ke yi musu tafinta? Mai shara, ko ɗan wani majinyaci da ke gadon kusa, ko yaron da bai kamata ya ji sirrin uwarsa ba. Muna kuma da namu laƙabobin da ke tarbar mutum tun daga ɗakin kati: ɗan ƙauye, bagidaje, 'yar daji. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a Nijeriya da Ghana da Gini da Myanmar, wanda mujallar Lancet ta buga a 2019, ya gano cewa sama da kashi ɗaya cikin uku na mata sun fuskanci cin mutunci a lokacin haihuwa, kuma ƙananan mata da waɗanda ba su yi karatu mai zurfi ba su suka fi shan sa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce a yi wa majinyaci bayani da harshen da yake ji, amma ta rataya wannan da sharaɗin idan hali ya yi, kuma ma'aikacin ne ke yanke ko halin ya yi.

Can ɗin ma ba a miƙa wannan iko cikin sauƙi. Hanyar da ta fi ɗorewa ita ce wadda mutanen suka gina da hannunsu, kamar asibitin da 'yan asalin Ostireliya suka buɗe wa kansu a unguwar Redfern ta birnin Sydney a 1971, wanda ya zama tushen cibiyoyi sama da 140 da al'ummomi ke tafiyarwa, ko hukumar lafiya ta 'yan asalin British Columbia da ta karɓi aiki daga gwamnatin tarayya a 2013. Abin da gwamnati ta bayar kuwa, gwamnati na iya karɓewa. Niyu Zilan, mahaifar wannan tunani, ta kafa hukumar lafiya ta Maori mai suna Te Aka Whai Ora a watan Yuli na 2022. Gwamnatin haɗaka ta Christopher Luxon ta rushe ta a 2024, da hujjar cewa buƙata za a duba ba ƙabila ba. Hujjar tana da daɗin ji, kuma da ni ma zan so ta, in da ma'aunin buƙatar ba ya hannun idon da ya ga karayar ƙashi biyu ya ce ɗaya ta fi ɗaya gaggawa. Tsawon ran ɗan Maori yana ƙasa da na sauran 'yan ƙasar da kusan shekara 7, tazarar a Ostireliya kuma ta kai kusan 8.

A Kwibek, shugabannin Atikamekw sun rubuta wata ƙa'ida da suka sa wa sunan Joyce, suka miƙa ta a watan Nuwamba na 2020, tana neman a tabbatar wa kowane ɗan asalin ƙasa damar samun kulawar lafiya ba tare da bambanci ba, tare da mutunta iliminsu na gargajiya. Gwamnatin lardin ta ƙi karɓarta saboda tana ɗauke da kalmar nan da Legault ya nemo a ƙamus. A ƙarshen 2024 majalisar lardin ta zartar da tata dokar ta amincin al'ada a asibitoci, bayan wakilan ofishin da ke kare ƙa'idar Joyce sun fice daga zaman sauraron ra'ayi tun a 2023, suna cewa ba da su aka rubuta ta ba. Wato dokar da asalin tunaninta shi ne a bar wanda abin ya shafa ya faɗi ko ya samu aminci, an zartar da ita alhali waɗanda abin ya shafa suna cewa ba su amince ba.